Yadda Na Kai Littafin Modibbo Yamai

Tun da na dawo daga Yamai ban samu na zauna a majalisarmu na sha iska kamar kowa ba. Da na shimfiɗa buzuna sai wani ya ce, "Malam Manu, yaya ƙasar Faransi?" In na fara, wani ya iso a tsakiya ya ce a koma masa farko. Na ba da labarin a makaranta, na ba da shi a gidan suna, na ba wanzami yana riƙe da kaina. Bakina ya gaji. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda.

Ni malamin Arabiyya ne a wata firamare nan Gwandu, kuma ba yawon buɗe ido ya kai ni Yamai ba. Kakan mahaifina, wanda muke kira Modibbo, ya bar littattafai na rubutun hannunsa cike da adaka biyu. Gado ya bi ya bi, suka ƙare a Kalgo, wurin ƙanen mahaifina, Bappa Sambo. Daminar bara ɗakin da suke ciki ya yi yoyo, bango ya jiƙe, gara ta samu hanya. Da aka buɗe adaka ta farko, ƙasa aka tarar da guntayen fata. A ta biyu littafi ɗaya ya tsira, na fiƙihu, don yana cikin gafaka mai kauri, shi ma an ci masa baki. A gefen shafukansa Modibbo ya yi bayani da Fulatanci da Hausa cikin ajami, har da abin da ba fiƙihu ba: maganin ciwon ido, sunayen ɗalibansa, labarin wata rijiya da aka haƙa a Dodoru. Shi kaɗai ya rage mana na hannunsa.

Na tambayi wurare biyu a nan gida inda ake ɗaukar hoton irin waɗannan littattafai. Ɗaya na'urarsu ta lalace, ɗaya suka ce sai dai in bar musu littafin. Ana haka sai Alu Tela, mutumin Dalijan da ke ɗinki a Yamai, ya zo gida salla. Ya ce akwai wani ɗakin ajiyar tsofaffin rubuce-rubuce can, suna ɗaukar hoto su mayar wa mai abu abinsa, kuma an kawo musu wani Ba'indiye gwanin gyaran tsohuwar takarda, amma ba zai daɗe ba.

Sau uku ina zuwa Kalgo kafin Bappa ya saurare ni. Shekarata hamsin, ina da jikoki, amma a gabansa ba na wuce yaro.

"Manu," in ji shi, "tun zamanin En'e anka zo garin ga da mota, anka kwashi littattafan wani gida, anka ce hoto za a ɗauka. Kai ka ga sun dawo?"

"Bappa, ni zan kai da hannuna, ni zan dawo da shi. In mun bar shi nan, daminar bana gara za ta ƙarasa."

Ya daɗe yana shafa gemu. A zuwa na uku ya miƙo mini gafakar, amma bai saki igiyarta ba sai da ya ce, "Ka yi mini alkawari. Falle guda ba ya ɓacewa."

Na yi masa alkawari.

Daga Kalgo na shiga motar Kamba, tsohuwar a-kori-kura da aka ɗora wa buhunan albasa har ta durƙusa. Direba ya ce a ɗaure kayana a sama, na ba shi jakar tufafi, gafakar kuwa na cusa ta cikin riga na rungume. Wata dattijuwa da ke gefena ta yi ta kallona, can ta kasa haƙuri ta ce, "Malam, ciwon ƙirji ne? Akwai mai magani Bunza." Na ce mata lafiyata lau, ba ta yarda ba. Taya ta fashe kafin Bunza, ta sake fashewa bayan Bunza, ga shi babu ta canji ta biyu. Muka zauna gindin wata ƙirya har direba ya je ya dawo da faci. Soyayyen kifin da matar Bappa ta ƙulle mini don kwana biyu, nan muka cinye shi da dattijuwar da wasu Fulani biyu. Tafiyar da ake yi kafin azahar, sai bayan la'asar muka shiga Kamba. Na kwana wurin wani malami da muka yi kwaleji tare.

Da safe na nufi iyaka. Ɓangarenmu ba a tsayar da ni ba. A ɓangaren Nijar akwai rumfa da tebur, da wani jami'i dogo mai Hausa irin tasu ta can. Ya ga yadda na riƙe ƙirji, ya ce, "Mushe, mi ke nan?"

"Littafi ne."

"Buɗe in gani, Malam. Aikina ne, yi haƙuri."

Ba zan ɗora masa laifi ba. Har share teburin ya yi da hannun rigarsa kafin in ajiye. Wanda bai san tsofaffin littattafanmu ba, to ba a ɗinke su. Falle-falle ne a jere tsakanin bango biyu, a ɗaure da igiyar fata, kuma babu lambar shafi. Tun muna hanya na ga hadari yana haɗuwa gabas. Na gan shi da idona, amma gajiya da son a sallame ni suka sa na kwance igiyar a fili, na ɗaga bango.

Iskar ba ta yi sallama ba. Kafin in dafe, rabin littafin ya tashi.

Ban san na iya ihu haka ba. Takardun Modibbo suka watsu cikin tasha, wasu ƙarƙashin motoci, wasu kan shingen ƙaya, wasu suka nufi kwata. Allah ya saka wa mutanen wurin da alheri, kowa ya bar abin da yake yi. Jami'in ya yar da hularsa ya bi su da gudu, har ƙaya ta yaga masa wando. Wata mai suyar kifi ta kawo mini falle uku tana cewa, "Yi haƙuri Malam, hannuna da mai," ga shatin babban yatsanta a kan rubutun. Wani tsoho mai jan rawani ya tsinci ɗaya, ya sumbace shi, ya ɗora a goshi, ya ce, "Malam, bar mini wanga guda don albarka." Na fizge, ban ko ba shi amsa ba. Muna gama tattarawa, na cusa su yadda suka zo, ruwa ya sauko.

Jami'in ya ce, "Sun cika?"

Nan na gane wautata ta biyu. Ban taɓa ƙirga su ba. Ban san ko falle nawa na baro Kalgo da su ba.

Daga iyaka na isa Gaya ta Nijar. Daga can zuwa Yamai babbar mota ce, su suna ce mata kar. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne sauka. Kowane shinge sai kowa ya sauko, a jeru, a nuna takarda, a koma. Mu nan direba ke leƙa kai ya yi magana a wuce, can kuwa har tsohuwa mai sanda sai ta taka ƙasa. Na daina ƙirga saukar da muka yi. A Doso na sayi burodinsu, dogo kamar sandar kiwo, ɓawonsa ya fasa mini dasashi. Daga nan Hausa ta fara ƙaranci, Zabarmanci ya karɓe. Kalma ɗaya na kama, "fofo", da ita na yi ta gaisuwa da godiya da ban haƙuri har na dawo.

Alu Tela ya tare ni a tasha. Ya sauke ni a wani ɗaki bayan shagonsa, bango ɗaya tsakanina da kekunan ɗinki biyu da ba sa hutawa. Da na gaya masa abin da ya faru, sai ya kwashe yadudduka daga teburin yanka ya ba ni.

Kwana uku na yi a kan teburin nan ina mayar da littafin yadda yake. Magabata suna da dabara: a ƙasan kowane falle, can kusurwa, marubuci yakan sa kalmar da za ta buɗe falle na gaba. Sai ka riƙe kalmar a ka, ka bi tarin kana nema. Da sauƙin faɗa. Kalma kamar "wa in kana" ta buɗe falle ya fi goma, sai ka karanta ka ga ko maganar ta haɗu. Wasu kusurwoyin kuma gara ta cinye. Na hana a kunna fanka, na hana a buɗe taga, ga zafin Yamai da ya fi namu. Na danne tari-tari da almakashi da dutsen guga da ƙwaryar zare, ina share gumi da gefen rawani kada ya ɗiga. Masu kawo ɗinki suna leƙowa, wasu sun ɗauka duba nake yi. Har wata mata ta tambayi Alu ko baƙonsa yana ba da taimako na haihuwa.

A rana ta uku bayan azahar komai ya hau, sai wuri ɗaya. A babin zakkar dabbobi, wani falle ya ƙare da kalmar da babu mai amsa ta. Na bi littafin daga farko, na sake bi, na zazzage gafaka, na duba aljihuna har da na wandon da ban sa ba.

Alu ya ce, "Ko dama can babu shi?"

"Ban sani ba, Alu."

"Ba ka taɓa karanta shi ba?"

"Na karanta nan da can. Ban taɓa bin sa daga farko zuwa ƙarshe ba."

Na ji kunyar faɗar haka fiye da yadda na zata. Daga ranar nan fuskar tsohon nan mai jan rawani ta zauna mini a rai. Ko guda biyu ya tsinta ya nuna mini ɗaya? Ko yana cikin kwata ruwa ya tafi da shi? Abinci ya daina yi mini daɗi, ko da yake dama bai cika yi ba. Da safe kofi ne da madara mai zaƙi kamar a maƙale, da burodin nan. Da rana shinkafa da jar miya, gobe ma haka. Fura tasu ruwa-ruwa ce, ba ta riƙe ciki. Sai da matar Alu ta ga ina ramewa ta yi mini dambu da zogale, shi ne na ci na ƙoshi sau ɗaya.

Ranar da na fara zuwa ɗakin ajiyar na isa da rana tsaka, na tarar da ƙofa a kulle. Ashe can ma'aikata tashi suke yi a je gida a ci abinci a kwanta, sai rana ta yi sanyi a dawo. Garin gaba ɗaya yakan yi tsit kamar an yi rasuwa. Na zauna gindin bedi tare da mai gadi, ba ya jin Hausa, ba na jin nasa, muka yi ta yi wa juna fofo.

Mai kula da wurin mace ce, ana ce mata Madam Fati, Bazabarma, amma uwarta Bahaushiya ce, don haka mun fahimci juna. Kafin in kwance gafaka ta nuna mini famfo da sabulu. Na ce ina da alwala. Ta yi murmushi ta ce, "Alwala ta Allah ce, Malam. Sabulun na takarda ne." Ta karɓe birona ta ba ni fensir. Ɗakin da littattafan suke sanyi ne kamar cikin randa, na shiga da gumi na fito da mura. Mu a gida girmama littafi shi ne a ɗora shi sama, kada a tsallake shi, kada a taɓa shi da janaba. Su nasu girmamawar shi ne kwali da sanyi da lamba. Da farko abin ya yi mini wani iri, kamar an kwantar da malamai a asibiti. Amma da na tuna adakar Bappa ta farko, sai na ga gaskiyarsu.

Ta buɗe littafin Modibbo, ta ɗaga falle ɗaya a hasken taga ta nuna mini jinjirin wata uku a cikin jikin takardar, ta ce daga ƙasar Turawa irinta take zuwa ta hamada. Shekara hamsin ina ganin littafin nan ban san da su ba. Ta karanta layi biyu da Larabci mai kyau, har ta gyara mini wata kalma da na daɗe ina karantawa ba daidai ba.

Ba'indiyen ɗan siriri ne mai furfura, sunansa ya fi ƙarfin harshena, na riƙa ce masa Malam, yana amsawa. Shi Ingilishi yake ji, su kuwa Faransanci, wanda ke yi musu tafinta kuma ya kwanta rashin lafiya. Da suka ji ina da ɗan Ingilishin kwaleji, sai Madam Fati ta tafa hannu. Haka na zo da buƙata na koma ma'aikaci. Shi ya faɗa da Ingilishi, ni in juya da Hausa, ita ta juya wa sauran da Faransanci. Kafin magana ta kai ƙarshen layi, Allah kaɗai ya san abin da ya rage a cikinta. Kullum na koma shagon Alu kaina kamar an daka.

Amma na ga aiki. Yana da ɗan burushi mai laushi kamar gashin jariri, da shi yake share ƙasar gara. Yana dama wani ƙullu na alkama, ranar farko na ɗauka kokonsa ne na matsar masa da shi gefe. Da shi yake liƙa wata takarda sharara, wadda in ka hura za ta tashi, a inda gara ta ci. Falle ɗaya yakan ɗauke shi rabin sa'a, ba ya gaggawa, ba ya magana. Da ya zo kan shatin yatsan mai kifi, na ba shi labari ina jin nauyi. Ya barbaɗa wani farin gari ya tsotse man, amma tabon bai fita duka ba. Ya ce a bar shi haka, in aka matsa tawadar za ta tafi.

Wata rana ya fito da hotuna daga jakarsa. Littattafan ƙasarsu ne, a kan ganye irin na kaba aka rubuta su, dogaye, an huda an zura igiya. Ya nuna mini wani na Habasha a kan fatar akuya, da wani na can gabas mai nisa da ake naɗewa kamar tabarma. Duk ya yi aiki a kansu. Na tambaye shi mene ne babban abokin gabarsu can. Ya ce ƙwaro, da ruwa, da magada. Na ce to ashe duniya ɗaya ce. Shi ne karo ɗaya da na ga haƙoransa.

Da gyara ya ƙare, fim ɗin ɗaukar hoto ya ƙare shi ma. Aka ce yana hanya cikin jirgi. Kwana biyar ina zuwa ina komawa a ƙafa, ana ce mini gobe. Hutun da na roƙa a makaranta ya ƙare, na san hedimasta yana can yana raba ajina. Ƙafafuna suka kumbura. Da fim ya iso, wuta ta ɗauke rabin yini.

Na'urar ba wani abin tsoro ba ce. Kyamara ce a kan ƙarfe tana kallon ƙasa, fitilu huɗu kewaye da ita. A shimfiɗa falle, a danna, a juya, a danna. Na roƙa a bar ni in riƙa juyawa da kaina, aka bar ni. Kwana biyu ina tsaye cikin zafin fitilun. Da muka iso babin zakka na tsaya. Madam Fati ta ɗauko wani farin kati, ta rubuta da Faransanci, ta miƙo mini fensir ta ce in rubuta da Larabci a ƙasa: a nan falle ɗaya ya ɓace.

"Dole ne?" na ce.

"Dole ne. Wanda zai karanta bayanmu kada ya ɗauka maganar a haɗe take."

Na rubuta. Aka ɗora katin inda rubutun Modibbo ya kamata ya kasance, aka danna. Ta ga fuskata, ta ce, "Malam, da wuya a kawo mana littafi cikakke. Naka ma ya yi ƙoƙari." Na ce mata ba ita ce ta yi alkawari ba.

A kusurwar ɗakin akwai kwamfuta sabuwa, an lulluɓe ta da zane kamar amarya. Ba su gama koyonta ba. Ranar ƙarshe suka gwada ta da shafi biyu na littafinmu. Wani haske ya bi ta ƙarƙashin takardar a hankali, can sai ga hannun Modibbo a gilashi, an ƙara masa girma har harafi ɗaya ya kai tafin hannuna. Na ga inda alƙalami ya bushe ya sake tsoma shi, na ga inda ya yi kuskure ya kankare. Mutumin da ban taɓa gani ba, sai na ji kamar yanzu ya tashi daga wurin. Madam Fati ta ce wata rana duk littattafan nan ciki za su shiga, mutum yana wata ƙasa ya karanta. Na ce Allah ya nuna musu. Ni a lokacin gida kawai nake so.

Suka mayar mini da littafin cikin kwali mai ƙarfi da aka yanka daidai shi, da takardar shaida, da kwafin fim ɗin a wani ɗan gwangwani da bai kai na tumatir ba. Alu ya jujjuya shi ya ce, "Duk wannan wahala a nan ta ƙare?" Na ce a nan. Ya ce, "Da me za ka karanta shi a Gwandu?" Na ce babu. Sai an sa shi a wata na'ura, ita kuma ba mu da ita.

A hanyar dawowa na sauka a iyaka na bar motar ta tafi. Jami'in nan ba ya aiki ranar. Mai kifi ta gane ni, ta bar kaskonta ta taya ni bin shingen ƙaya. An yi ruwa ya fi sau uku tun lokacin. Muka tsinci takardun ƙunshin ƙosai, da tikitin mota, da shafin littafin lissafi na 'yan lakwal, wato 'yan makarantar bokonsu. Na tambayi tsoho mai jan rawani, aka ce masu jan rawani da yawa suke wucewa. Ta ce, "Malam, bar wa Allah." Na zauna kan wani benci har wata mota ta cika.

Daga Kamba zuwa Kalgo na shirya magana iri-iri. Na san idon Bappa ya yi rauni, in na yi shiru ba zai taɓa ganewa ba. Har muka wuce Bunza ina kan wannan shawara. Da na hango gadar Kalgo na san ba zan iya ba.

Na same shi a rumfar ƙofar gida bayan azahar, yana kan buzunsa. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi Alu da iyalinsa. Na ajiye kwalin a gabansa. Ya shafa shi, ya buɗe, ya sa hanci ya shinshina, ya bi gefen da aka gyara da yatsa.

"Sun iya aiki," in ji shi.

"Bappa, akwai magana."

"Ina jin ka."

Na gaya masa duka, ban rage ba. Hadarin da na gani, igiyar da na kwance, rashin ƙirgawa, kwana uku a teburin Alu, katin da na rubuta da hannuna. Na ce, "Na yi maka alkawari ban cika ba. Falle ɗaya ya tafi, a babin zakkar dabbobi. Ka yafe mini."

Ya kira matarsa ya ce ta miƙo masa Alƙur'aninsa. Da ta kawo, ya buɗe bangon baya, ya laluba, ya zaro wata takarda mai launin ƙasa ya miƙo mini.

Tun kafin in karɓa na gane hannun. Na duba kalmar farko. Ita ce wadda na kwana ashirin ina nema.

"Ni na cire shi," in ji Bappa, "tun ranar da kaz zo na biyu. Na sa hannu tsakiya na jawo, ban ko san na wane babi ba ne. In sunka riƙe littafin sunka ce nasu ne, da mi zan nuna nawa ne? Da wanga."

"Bappa, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Da na gaya maka, da ka ce in ba ka."

Gaskiya ya faɗa. Na so in yi fushi, na duba cikina ban samu ƙarfin yinsa ba. Na tuna tsohon da na fizge wa takarda na kuma yi ta zarginsa a raina, na nemi gafarar Allah. Na buɗe littafin, na nemo wurin, na sa fallen. Shi kaɗai ne ba a share ba, ba a liƙe ba, bakinsa a ciccinye yadda gara ta bar shi. Na karanta daga na bayansa zuwa shi zuwa na gabansa, magana ta tafi santsi ba tangarɗa.

Bappa ya gyara zama, ya ce, "To, tunda mutanen kirki ne, sai ka koma ka kai musu wanga su ɗauka. Bai kamata a bar musu abu da giɓi ba."

Na dubi ƙafafuna da suka kumbura har takalmi ya yi musu shati. Na dubi tsohon, da gaske yake.

Na ce, "Bappa, a ba ni ruwa in sha tukuna."